Ƙwan da Na Ɗauko a Cikina

Ranar wata Asabar ta tsakiyar damina, shekarar da haƙoran gabana suka gama fitowa, Inna ta ɗaga Goshi daga kan kwancinta, sai wari ya cika gidan hayarmu na unguwar Obiagu, can ƙasar Ibo. Goshi kaza ce, kakata ta ba Inna ita a kwando a zuwanmu gida na ƙarshe, kafin ta rasu. Kazar ta yi kwanci, gidan kuwa babu zakara, mai gida ya hana saboda cara. Inna ta sayo ƙwan kiret na kajin gidan gona a kasuwar Ogbete ta zuba mata, don a ƙauyensu ba a taɓa jin ƙwan da ba ya ƙyanƙyashewa ba. Duk suka zama bara-gurbi. Matan gida suka yi ta dariya, amma Goshi ta ƙi tashi. Ba ci ba sha, ƙirjinta ya tsige, ƙashi kawai ake taɓawa. Inna ta ce, "Idan ba ta ga 'ya'ya ba, a nan za ta mutu."

Washegari muka nufi bayan gari, gonar wata tsohuwa da ake kira Mama Nkechi. Ni ce tafinta, don a bakin famfo na koyi Ibo, wajen faɗan layin ruwa. Rogo ta ko'ina, kwakwar manja, kaji suna tono a ƙarƙashin ayaba. Da tsohuwar ta ji labari ba ta yi dariya ba. Ta ja mu wani ɗaki mai duhu, ta zura hannu ƙarƙashin kazarta mai kwanci, ta zaro ƙwai ta kara shi a hudar ƙofa inda rana ke shigowa. Jama'a! Ƙwan ya kama ja kamar garwashi, ga jijiyoyi siri-siri sun bazu, ga wani ɗigo baƙi a tsakiya yana motsi. Yana motsi! Inna ta ce "Subhanallahi," ni kuwa na ƙara matsawa kusa ina leƙe.

Ta sayar mana da huɗu, da sharaɗi: kada su huce a hanya. Inna ta naɗe su a ɗankwali ta ɗaure min a ciki, fata da fata. "Ke Ladi, yau dai ki yi tafiya irin ta mutane." Ni da ba na zuwa aike sai da gudu, na ƙi hawa babur ɗin okada, na tako kamar mai ɗauke da tuwon sarki. Har numfashi a hankali nake yi. Muna isa gida Inna ta zuba wa Goshi su. Da 'yan tsaki uku suka fito, Goshi ta miƙe tana tangaɗi ta kai su wajen tsaba, ta ci ita ma. Inna ta juya baya tana goge ido, wai hayaƙi ne.

Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin karatun manya, na ga zanen cikin ƙwai a littafi. Zanen ya yi kyau, amma ba ya motsi. Gonar nan yanzu benaye ne, ƙwai kuma a kiret jikokina suka san shi, da sanyinsa. Wani lokaci nakan ɗaga ɗaya in kara a taga, suna min dariya. Haske ne kawai yake wucewa. Amma har yau, idan na riƙe ƙwai, tafiyata takan canza.