Ranar da Mika Ya Cire Hula

Mika tsohon soja ne, mutumin Zuru, da ya ajiye kaki ya koma noman dawa a gindin dutse. Ba shi da yawan magana, amma in ya daka tsawa har awakin maƙwabta sai sun watse. Shi ya sa ranar da aka aiko daga makaranta cewa ɗansa Joel ya karya wa wani yaro hannu, matarsa Hannah ta bi shi har ƙofar gida.

"Baban Joel, don Allah kada ka illata mini yaro."

Ya hau babur ya nufi makaranta.

A ofishin hedimasta ya tarar da Joel a durƙushe. Ga Suhaibu, yaron da aka ji wa ciwo, hannu ya kumbura suntum, ga mahaifinsa Hammadu, makiyayi daga hanyar Ribah, ya dogara da sanda. Malamai sun yi cirko-cirko a bakin taga suna jiran duka.

Mika ya dubi ɗansa. "Kai ne?"

"Baba, ƙwallo muke yi, shi ya fara zagina..."

"Kai ne ko ba kai ba ne?"

"Ni ne."

Sai Mika ya cire hula, ya durƙusa a gaban Hammadu. In ba a coci ba, ba wanda ya taɓa ganin gwiwar mutumin nan a ƙasa.

"Malam Hammadu, ɗana ne, ni na raine shi. Ka yi haƙuri. Wane aiki yaronka yake maka a gida?"

Hammadu ya dube shi ya ce, "Shi ke shayar da maruƙa da yamma."

Mika da kansa ya kai Suhaibu wurin mai ɗori, ya rungume shi a ƙirji har aka gama. Daga ranar, kowace safiya yana zuwa rugar Hammadu da babur ya ɗauki yaron zuwa makaranta. Da yamma kuma Joel ke jan guga a rijiya yana shayar da maruƙan Hammadu, tafin hannunsa duk ya yi kanta, uban yana zaune a gindin ɗorawa, bai taɓa karɓar masa igiyar ba. Ko yatsa bai ɗora wa Joel ba.

Hannun ya warke kafin ruwa ya ɗauke. Da kaka ta yi, Mika ya isa gona wata safiya ya tarar an riga shi. Hammadu ne da 'ya'yansa maza, har sun yi nisa da yankan dawa. Mika ya tsaya a bakin gona da lauje a hannu.

"Sannu da zuwa, soja," in ji Hammadu. "Kama daga wancan gefen."