Shif Ɗin Mama

Shekara huɗu na yi ina gyaran kwamfuta a wani ofis a Barnawa, inda makarantu ke kawo sunayen ɗalibai da makinsu a takarda, mu shigar da su. Masu bugawa su goma sha biyu ne, ni kaɗai ne mai gyara. Injiniya suke ce mini, alhali rabin aikina hure ɓawon gyaɗa ne daga cikin kibod.

Babbarsu a shekaru wata mata ce 'yar Filato, kowa Mama yake ce mata. Daga Kamazou take zuwa, ni daga Unguwar Mu'azu, kuma ban taɓa riga ta isa ofis ba. Tun tana budurwa inji ya murƙushe mata hannun hagu a wata masaƙa a Kakuri, hannun ya shanye, ko cokali ba ya ɗagawa. Kullum yana kan cinyarta a ƙarƙashin ɗankwali. Da hannun dama kaɗai ta koyi bugu, kuma in ta soma sai ka ɗauka ruwa ake yi a kan kwano.

Abu ɗaya ke cin ta: shif, maɓallin da ake dannewa a riƙe kafin babban harafi ya fito. Mai hannu biyu bai ma san yana yi ba. Ita kuwa sai ta miƙe ƙaramin yatsa can gefe, ta lalubo harafin da wani yatsan, ga shi aikinmu duk sunaye ne, kowanne da babban harafi. Kafin la'asar wuyan hannunta ya kumbura.

Wata rana na tsaya a bayanta ina kallo har ta tsargu.

"Injiniya, lafiya? Ko na ɓata wani abu ne?"

"A'a, Mama. Gobe ki ba ni kwamfutarki na ɗan lokaci."

A kwamfutocinmu akwai manhajar da ke tsakanin kibod da abin da ke fitowa a fuskar kwamfuta. Tana riƙe da wani jadawali mai faɗa mata abin da maɓalli irin shif zai yi in an taɓa shi. Na rubuta 'yan layukan umarni da ke sauya jadawalin duk lokacin da aka kunna kwamfutar Mama. Yanzu in ta taɓa shif ta saki, sai ya tsaya ya jira harafin da ke biye, ya mai da shi babba, sannan ya koma yadda yake.

Ta gwada suna ɗaya, ta gwada na biyu, sai ta kwashe da dariya. Can ta jawo hannun rigata ta rage murya.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma abeg, kada Oga ya sani, kada kowa ya sani. Shekara talatin ina aiki ba wanda ya ce taimaka mini ake yi. Ba yanzu za a fara ba."

Na yi mata alkawari. Cikin wata biyu ta zama ta uku a sauri, kuma ni, ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura.

Sai dai aikin nawa yana da rami, kuma na san da shi tun makon farko. In aka cire kibod aka jona wani alhali kwamfutar tana kunne, manhajar takan komar da jadawalin asali, shif ya manta da Mama, sai an kashe an sake kunnawa. Gyaran bai fi na minti goma ba. Na rubuta a takarda na manna a bangon teburina. Wata takwas takardar tana kallona ina kallonta, kullum ina cewa gobe. To wa zai cire kibod ɗin Mama?

Sai ga labari Alhaji mai kamfanin zai zo daga Abuja, za a rage masu bugawa daga sha biyu zuwa takwas, kuma gwajin sauri ne zai raba. Ban damu ba ko kaɗan. Mama ba ta cikin waɗanda ya kamata su ji tsoro.

Ogan namu mutum ne mai son a gani a yaba. In baƙo zai zo, har tukunyar fulawa yake arowa daga ofis ɗin maƙwabta. Ranar gwajin da safe ya aike ni Sabon Tasha ɗauko majigi. Bayan fitata ya buɗe kwali, ya raba sababbin kibod masu ƙyalli, ya ce kowa ya cire tsohon ya jona sabo kafin Alhaji ya shigo. Bai tambaye ni ba. Don me zai tambayi mai hure gyaɗa?

Cunkoso ya riƙe ni a hanya. Da na iso an gama. Na hango sabon kibod a gaban Mama tun daga bakin ƙofa, na san abin da ya faru. A fuskar kwamfutarta sunayen farko duk ƙananan haruffa ne, daga baya ta koma miƙa yatsa irin na da, wanda ta kwana biyu ba ta yi ba. Ita ce ta sha ɗaya.

"Mama, ai da kin kashe kin kunna! Ai da kin ɗaga hannu kin yi magana!"

"In ce musu me? A gaban Alhaji, a gaban yaran nan duka?" Ta dubi cinyarta. "Hannu ɗaya gare ni, ɗana, kuma yana kan aiki."

Ban taɓa gaya mata maganar kashewa da kunnawa ba. Kunya ta hana ni nuna mata aikina yana da rami.

Zuciya ta ɗebe ni, na yi kuskure na biyu. Na shiga wurin Oga na zayyana masa komai, na roƙe shi a sake mata gwajin. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya fito tsakiyar ofis ya ɗaga murya.

"Au! So dama wayo kuke yi mana? Duk spid ɗin nan ashe na inji ne, ba nata ba?"

Ba inji ya buga mata ko harafi ɗaya ba. Na faɗa, na maimaita, ba mai ji. Waɗanda ta koya wa aiki da hannunta suka sunkuyar da kai, kowa na murnar ba shi ba ne. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan raina ɓaci yake, amma ba shi kaɗai nake jin haushi ba.

Mama ta haɗa kofinta da Baibul ɗinta da man zafi a leda. Na ce zan riƙe mata zuwa bakin titi, ta ƙi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. A bakin ƙofa ta juyo.

"Abu ɗaya na roƙe ka, Injiniya."

Da yammacin ranar na zauna a kujerarta, na ƙara layukan da suka rage, yadda duk lokacin da aka jona kibod jadawalin zai sake gyaruwa da kansa. Na cire, na jona, na taɓa shif na saki. Ya tsaya yana jira. Na duba agogo, minti bakwai aikin ya ɗauke ni.