Sirdin keke ya hana ni zuwa wurin Inna

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, kuma masu tambayata ta waya "lafiya lau" kawai nake ce musu. Yau zan faɗi abin da ya faru.

Tela ne ni a Agege, nan Legas. Da keke nake zuwa Oshodi sayen yadi, don motar haya ta danfo ɓata min rana take yi.

Da ɗan ƙurji abin ya fara, a wurin zama. Na ɗauka basir ne, na yi ta shan jiƙo. Sai zazzaɓi, sai mugunya. Matata Rabi ce ta tsaya a kaina har na je asibiti.

Aka ɗebi jini, aka gwada suga. Likita ya ce maruru ne ya yi rami ta ciki, sai aiki. Keken ɗinki ɗaya na sayar aka yi.

Kullum wankin ciwo, kullum zama cikin ruwan ɗumi da gishiri. Ban taɓa jin tsoron shiga banɗaki irin na lokacin ba.

Ranar sallama likita ya ce, "Malam, ka bar keke tukuna. In ka warke, ka nemi sirdi mai rami a tsakiya."

Na je wurin Bulus mai gyaran keke, mutumin Zonkwa. Ya ce, "Oga, ina ne ke damunka? Faɗa min in san irin wanda zan nemo." Kunya ta kama ni, na ce iska kawai na zo sa wa taya.

Na dawo gida na ɗaure soso a tsohon sirdina da roba, na hau tun ciwon bai gama rufewa ba. Kafin in kai Oshodi wandona ya jiƙe da jini.

Aka sake aiki.

Ina kwance rub da ciki yayana ya kira daga Zariya, ya ce jikin Inna, mahaifiyarmu, ya yi tsanani. Ko zaman minti kaɗan ba na iyawa, balle motar Arewa. Ya kara mata waya a kunne. Ta ce, "Kar ka taso. Ka warke tukuna."

Ta rasu ban je ba. A kwance na karɓi gaisuwa.

Da na warke na koma wurin Bulus na faɗa masa komai. Bai yi dariya ba. Ya samo sirdi mai rami, faɗinsa daidai ƙashin zamana, ba laushi sosai ba, ya ɗan sunkuyar da bakinsa.

Na gode wa Allah, na gode wa Rabi da Bulus da ma'aikatan jinya.

In an yi muku irin wannan aikin, ku jira likita ya ba ku izini. Ku gwada sirdi kafin ku biya, ku fara da gajeriyar tafiya, in kun ji zafi ku sauka. Ku faɗa wa mai gyara inda ke ciwo.

Ku sa Inna a addu'a. Sunanta Hauwa'u.