Kunnen Saniyar Altine

Cikin duk shekarun da na yi ina sa kaki, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na yanka saniyar shaida a bayan ofishinmu, can wajen Kalgo. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna ƙorafin cewa na cika matsa muku, ko akuya aka kawo sai kun rubuta kamanninta daga ƙaho har wutsiya. To ku gyara zama ku ji mafarin abin.

A farkon shekarun saba'in ne, lokacin fari, ba a daɗe da haɗe mu 'yan dokan En'e da 'yan sandan tarayya ba. Ina kofur, igiya biyu a hannu. A samana akwai Saje Bawa mai igiya uku, shi ke riƙe da ofis. Sufeto yana Birnin Kebbi, sai mu yi wata ba mu ga ƙeyarsa ba. An canza mana kaki, amma idon da mutanen gari ke kallonmu da shi bai canza ba. In na shiga kasuwa hira ta mutu ke nan. Mai ƙosai za ta ƙara mini biyu, in na juya ta raka ni da harara. Wani tsoho ya taɓa faɗa mini ƙiri-ƙiri: "Dauri in ɗan doka ya ci ma kaza ka san ƙohwar da za ka kai kuka. Yanzu ko wa za mu kai ma?" Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Ranar wata kasuwa aka kawo mana mutum biyu da farar saniya ɗaya. Na farko Alhaji Nomau ne daga Diggi, manomi mai hali, wanda ya ce saniyarsa ce da ta ɓace wata biyu da suka wuce. Na biyu Altine, Bafulatani daga wata ruga kusa da Dodoru a ƙasar Gwandu. Fari ne ya sa ya jawo ta kasuwa don ya sayi hatsi. Altine bai yi dogon bayani ba, kunnen saniyar kawai ya kama ya nuna mini.

"Duba nan, Kohur. Tsaga biyu ga hagu. Shaidar gidanmu ta. Babana yat tsaga ta tun tana maraƙa."

Alhaji Nomau ya ce ai ɓarawo ma yana da wuƙa, jiya-jiya aka yi tsagar. Ni ɗan manomi ne, na san rauni sabo, na san tsoho. Na shafa kunnen, na ga tsagar ta daɗe da warkewa har gashi ya rufe bakinta. Na gani da idona, amma da na buɗe littafin ofis, inda ake shigar da duk abin da ya faru, abin da na rubuta shi ne: saniya ɗaya, fara.

Ƙa'ida ita ce, abin da ake jayayya a kansa ya zama kayan shaida. Ba a sayarwa, ba a bayarwa, ba a taɓawa sai da izinin kotu. Aka sa Altine a bayan kanta, wato ɗakin da muke tsare mutane, aka ɗaure saniya a gindin bedi, itacen dogon yaro. Kotu ta ce a aika wa ardonsu a Gwandu ya zo ya duba kunnen, ya kwatanta da na sauran garken. Duk 'yancin Altine yana rataye a wannan kunne, kowa ya sani.

Kwana takwas tana wurinmu. Mutane suna wucewa suna leƙe ta katanga, kamar masu jiran ranar da za ta ɓace. Sau biyu na ga Alhaji Nomau da Saje Bawa suna magana a inuwar masallaci, in na matso su koma gaisuwa. Ban ce komai ba. Gaisuwa ba laifi ba ce.

Ranar ta tara Saje ya tafi Birnin Kebbi tun da safe. Da hantsi saniya ta tsinke igiya ta faɗa wata gona a bayanmu, ta ci gyauron dawa, irin tohon nan da ke fitowa bayan girbi. Duk makiyayi ya san a shekarar fari wannan toho guba ne. Kafin azahar cikinta ya kumbura kamar ganga, ta kwanta tana shure-shure, ido ya juye. Ba waya, ba mota, malamin dabbobi yana nesa. Dokar aiki ta ce kada in taɓa ta. Tarbiyyar gidanmu kuwa ta ce Musulmi ba ya tsayawa yana kallon dabba ta zama mushe alhali da wuƙa a kusa.

Na je bayan kanta na gaya wa Altine. Ya ce, "Yanka ta, kak ta tahi banza. Amma kunnen, Kohur. Aje min kunnen."

Na ce, "Na yi maka alkawari."

Ba wanda ya ji wannan magana sai ni da shi. Ban kira liman ba, ban kira mai unguwa ba. Na yi bisimilla na yanka, na aika aka kira wani mahauci, Ɗan Ige, ya zo ya feɗe. Na ce ya yanyanka naman sirara a shanya, a ajiye wa duk wanda kotu ta ba gaskiya. A ganina na yi dabara. Ban tsaya na yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mai wucewa ba: igiya uku cike da jan nama a bayan ofishin 'yan sanda, ungulaye na shawagi, mai saniya kuma yana kulle a ciki.

Ana cikin fiɗa Saje Bawa ya dawo. Ya kalli nama, ya kalle ni, ya ce, "Kofur, ka yi aiki." Har yau ban san yabo ne ko zagi ba. Ya ce in je in yi la'asar, shi zai tsaya. Kan saniyar na gefe a kan ganye, na gan shi lokacin da zan tafi. Da na dawo babu kan.

Al'adar mahauta ce, wanda ya yi fiɗa shi ke da kai da ƙafafu. Na san da haka tun ina yaro, amma ban gaya wa Ɗan Ige ya bar kan ba, don na ɗauka kowa ya san muhimmancinsa. Na ruga gidansa ko takalmi ban ɗaure ba. Na tarar matarsa ta ɗora kan a wuta tana babbaka. Kunnuwan sun ƙanƙance sun yi baƙi ƙirin, ba ka gane tsaga, ba ka gane komai.

Na ce, "Ɗan Ige, wa ya ce ka ɗauka?"

Ya ce, "Wa ka hana ni? Saje na tsaye nid ɗauka."

Saje kuma ya ce shi yana duba littafi, bai lura ba, ai al'ada ce. Na kalle shi, ya kalle ni. Tun daga ranar har aka raba mu wurin aiki ban ƙara cin abinci kwano ɗaya da shi ba, kuma ban taɓa samun abin da zan riƙe a kansa ba.

Kafin magariba labari ya gama gari, kuma ba kamar yadda ya faru ba. An ce mun ƙulla da Alhaji Nomau, mun ba saniya guba, mun ƙona kunne, mun raba nama. Matata ta je rijiya, wata ta tambaye ta ko romon ya yi daɗi. Ta dawo ta ajiye tulu ta yi kuka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ita ma da ta share hawaye sai ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ba ka karɓi komi ba?"

Ardo ya zo daga Gwandu, ba abin dubawa. A kotu na tashi na rantse cewa na ga tsaga biyu a kunnen hagu, tsohuwa, gashi ya rufe ta. Alƙali ya ce a kawo littafin ofis. Aka karanta: saniya ɗaya, fara. Ya tambaye ni wa ya yanka, na ce ni. Wa ya ba da izini, na ce babu. Ina kunnen, na ce ya ƙone. Sai na ji dariya ƙasa-ƙasa a bayana. Masu cewa an saye ni suka ce yanzu kunya ce ta kama ni. Mutanen Alhaji suka ce Fulani sun fi biya. Alhaji ya kawo shaidu biyu daga Diggi waɗanda suka rantse sun san saniyar, Altine kuwa shaidarsa ɗaya, ni, kuma ba mai kallona da mutunci a ɗakin. Aka yanke wa Altine wata shida.

Ni aka yi mini gargaɗi a rubuce. Naman kuwa aka zuba a buhu aka kulle a sito a matsayin kayan shaida, ba wanda ya yarda ya taɓa shi, har ƙwari suka cinye, muka haƙa rami muka binne.

Bayan shekara guda aka mayar da ni Gwandu. Wata rana na ci karo da Altine a bakin kasuwa, ya rame, sanda a kafaɗa. Na yi masa sallama, na ce ya gafarce ni. Ya amsa ba fushi, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Kohur, abu guda nika son sani. Ganganci na, ko mantuwa?"

Na ce, "Nawa mantuwa ne. Na sauran ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. "Na so in yarda da kai," in ji shi, ya gyara sandarsa ya wuce.

Abin da na koya ke nan. Mutane ba sa jira su ga abin da ɗan sanda ya yi, sun riga sun yanke masa hukunci tun daga abin da na gabansa suka yi musu, kuma ba zan ce ba su da dalili ba. Saboda haka kyakkyawar niyyarka ba ta isa shaida. Ka rubuta abin da ka gani tun kana ganinsa, ka kira mutanen gari su tsaya kafin ka ɗaga wuƙa ko ka buɗe sito. In ba ka yi ba, ranar da gaskiyarka za ta ceci wani ba mai karɓarta daga bakinka. Ni na faɗi tawa a gaban alƙali da rantsuwa, kuma Altine ya yi wata shida a gidan yari a kan saniyarsa.