Zakkar Azurfar Baba

A shekarun da sidi, kuɗin Ghana, ke narkewa kamar man kaɗe a rana, wani mutum ya zo Salaga daga Kumasi da kwabbai masu ƙyalli, kowanne a rufe cikin ɗan gilashi. Ya nuna wa mahaifina hotonsu a jarida, ya ce azurfa ce tsantsa, an buga 'yan kaɗan don tunawa da samun 'yancin kai, kuma darajarsu kullum hawa take. Sharaɗinsa ɗaya: kada a buɗe, in iska ta taɓa su sun tashi aiki.

Baba ya sayar da shanun da aka ware wa Inna don aikin hajji, ya saya. Inna ta daina zancen Makka.

Da shekara ta zagayo, Baba ya rage cin abinci. Zakka ta hau kan azurfa, ba a kuwa fitar da ita sai an auna. In ya buɗe, hajjin Inna na iya salwanta. In ya bari, ya ci haƙƙin Allah. Na sha ganinsa bayan la'asar yana juya gilashin.

Ba ya son Salaga ta ji, don haka muka nufi Bawku wajen wani amininsa maƙerin fari. Kafin Yendi sojoji suka tsayar da motar suna binciken masu ɓoye kaya. Kwabban na ɗaure a ƙuguna. Na yi ta maimaita Ayatul Kursiyyu, ina kai tsakiya ina ɓata, har suka bar mu muka wuce.

Maƙerin ya tambayi Baba sau biyu ko ya tabbata yana so a buɗe. Baba ya ce, "Fasa gilashin. Wuta ta fi talauci zafi."

Ya fasa, ya goga ɗaya a dutse. Jan ƙarfe ya leƙo. Ya goga na biyu, ya ajiye, bai ɗago ido ba.

Baba ya juyo ya ce mini, "To, babu zakka a kanmu. Saura mahaifiyarka."

Hanyar komawa ta fi ta zuwa ban tsoro. A ƙofar gida muka tarar da Inna tana tsintar wake. Ta dubi fuskar Baba, ta ce Allah bai kira ta ba tukuna, ta tashi ta kawo mana ruwa.