Rakiyar Farin Kakin Lawali

Gusau

Ko kiran assalatu ba a yi ba na ji hon a ƙofar gidana da ke Damba. Lawali ne, ɗan goggona kuma abokin wasana, wanda bai daɗe da yin ritaya daga aikin sojan ruwa da muƙamin Riya Admiral ba. Ni Sarkin Ruwa nake ce masa, don har yau ban gane yadda yaron da aka haifa a 'Yandoto, inda babban ruwanmu shi ne kududdufin bayan gari, ya ƙare yana ba jiragen yaƙi umarni a teku ba.

Dalilin sammakon nan tsohuwa ce guda. Mahaifiyar Lawali ta rasu yana goye, sai yayarta, Inna Kulu, ta ɗauke shi ta raine shi da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shi kuwa a yarinta ƙazami ne na bugawa a jarida, har Inna ta kafa doka cewa ba a ɗinka masa farin yadi ko da Sallah. Da aka gaya mata kayan aikinsa fari ne fat tun daga hula har takalmi, ta yi dariya har da hawaye, ta ce sai ta gani da idonta. Shekara talatin da ɗoriya ba ta gani ba. Ita ba ta zuwa Legas, garin da aka ce ruwa ya kewaye. Shi kuma in ya zo gida da kaftani yake zuwa. Hoto kuwa, ta ce kowa mai tsafta ne a hoto. Shi ya sa ya ƙudura cewa kafin ya ninke kakin ya ajiye, sai Inna ta gan shi a ciki ba ɗigon datti, ta faɗi da bakinta.

Bayan mun yi sallah muka biya Sabon Gari wajen mai wanki da guga. Babu wuta, sai dutsen guga na gawayi. Mutumin da ya yi artabu da 'yan fashin teku ya tsaya a kan mai guga yana salati duk lokacin da tartsatsi ya tashi. Da ya fito a shirye, da takobi da farar safar hannu da lambobi a ƙirji, gaskiya ya yi kyau, amma ban gaya masa ba.

Aka shimfiɗa sabon zanin gadona a kujerar baya. Ni aka kora gaba kusa da direbansa, Malam Isa, aka kuma ƙwace goron da ke jakata.

"Asabe, yau ba goro, ba manja, ba kuma taɓa ni," in ji shi.

"Wa ka son taɓa ka? Ka yi kama da buhun hulawa," na ce.

Hanyar Tsafe

Sai da rana ta ɗaga muka ɗauki hanya, don hanyar Tsafe a wannan zamani ba a yi mata gaggawa. Damina ce, gero ya kai ƙugu dama da hagu. Lawali ya zauna a miƙe, bai jingina ba, hannuwansa a sama kamar mai jiran lalle ya kama.

Don in rage masa tsoro na tono masa labarin ranar da ya fara shiga jirgi bayan ya gama makarantar hafsoshi a Kaduna, yadda ya yi ta amai har abokansa suka yi zaton zai gudu. Bai musa ba. Ya ce daga baya shi ne ya riƙe jirgi a Fatakwal da Kalaba yana farautar ɓarayin mai, ya je Indiya kwas, ya yi watanni a gaɓar Laberiya lokacin yaƙinsu, sannan aka kai shi ofis a Abuja, inda ya ce kujera ta fi teku juya ciki.

A shingen da ke kafin Tsafe wani soja ya leƙo, ya ga taurari, ya ƙame ya sara. Sannan ya dubi gonaki, ya sake duban Lawali.

"Ranka ya daɗe, lafiya dai? Ruwa ne zai zo?"

Malam Isa ya kifa kai a sitiyari. Ni kuwa sai da muka shiga Tsafe na daina dariya.

'Yandoto

Mun tarar da gidan cike da 'yan uwa, babu Inna. Ɗanta, Malam Mamman, ya ce ai tun shekaranjiya aka tafi da ita Bungudu, jikarta ta haihu, yau suna. An yi ta kiran wayar Lawali ba ta shiga.

Aka shimfiɗa tabarma, Lawali ya ƙi zama. Aka kawo fura, ya ƙi sha. Tsofaffi suka fara kallon juna, sai na yi maza na ce dokar aikinsu ce, ba a zama sai an ga teku. Suka gyaɗa kai suna tausaya masa.

Malam Mamman ya ja ni gefe yana sosa ƙeya. "Hajiya, wanga ado duka don Inna anka yi shi?"

"Awo. Mi ya hwaru?"

"A'a, ba komi. Ku dai tahi, kun gani."

Na so in matsa masa, sai hayaniya ta tashi a waje. Dangi sun haɗa wa Lawali rago na murnar gama aiki lafiya, kuma kyautar dangi ba a barinta a baya. Motar irin mai buɗaɗɗen baya ce daga ciki, don haka ragon ya samu wuri daidai ƙeyar Admiral.

Komawa ta Gusau

Mai zuwa Bungudu daga Tsafe dole ya ratsa Gusau. Kafin mu kai, ragon ya cinye safar hannu ɗaya, ya fara shinshinar igiyar zinaren da ke kafaɗa. Lawali ya ƙarasa tafiyar a duƙe, hularsa a cinya, yana yi wa rago tsawa da Turanci. Ragon bai yi boko ba.

Mun tsaya azahar a wani masallaci a bakin hanya. Ya shiga kewaye ya sauya jallabiya, ya miƙo mini kakin na rungume kamar jariri har ya idar. Da ya mayar da kakin jikinsa, na sayi shinkafa da miya na zauna ina ci a gabansa, shi kuwa ko ruwa sai da ya miƙa wuya gaba ya sha. Muna barin gari hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A nan na ga fuskarsa ta canza, na daina tsokana na ɗan lokaci, don na gane abin ba wasa ba ne a wurinsa.

Bungudu

Ruwan ya ɗauke da la'asar. Lungun gidan sunan ya zama taɓo, mota ba ta shiga. Maza suka jera bulo da katako, Lawali ya bi ta kai a hankali, hannu ɗaya riƙe da takobi, ɗaya a aljihu don kada a ga ba safa. Ya isa zaure fari tas. Na duba shi gaba da baya, ko ni da nake neman aibu ban samu ba.

Aka yi mana iso, mata suka dare suna guɗa. Inna na can ƙuryar gida a kan kujera 'yar tsugunno, hannuwanta dumu-dumu cikin tunkuza tana matsar mai, wai ba ta yarda mai jego ta ci man kasuwa ba. Lawali ya tsaya a gabanta, ya haɗa ƙafa, ya sara mata.

Ba ta ɗago ba. Ta juya kunne wajen ƙarar takalmin.

"Wane na?"

Na san tana da yanar ido, amma ban san ganin ya tafi duka ba. Daga baya muka ji ita ta hana a gaya masa, wai kada ya ɗauke ta ya kai ta asibitin garin ruwa. Lawali ya sauke hannunsa a hankali.

"Ni na, Inna. Lawali."

"Lawali? Kuma ka tsaya bisa kaina kamar icce? Can wurin aikin naku haka aka gaida mutane?"

Ya dubi ƙasa, jar laka ce da ruwan wanke-wanke. Ya cire takalmi, ya durƙusa gwiwa biyu a ciki.

"Inna, kayan na sawo miki. Hwararen."

"Matso in gani."

Wata mata ta yunƙura da ruwa da tsumma, ya ɗaga mata hannu. Inna ta zaro hannuwanta daga tunkuza ta ɗora a kafaɗunsa. Ta shafa taurarin ɗaya bayan ɗaya, ta bi maɓallai, ta lalubi lambobin ƙirji tana tambayar na mene ne, yana gaya mata: wannan na Laberiya, wannan na daɗewa a aiki. Ta kama kumatunsa, ta shafa hular. Duk inda hannunta ya bi sai ya bar shaida, yatsu biyar-biyar.

"Asabe, ke ba ki rufa mishi asiri," in ji ta. "Hwaɗa min gaskiya, akwai datti?"

Na dubi abokin wasana, gwiwa a laka, ƙirji duk mai, hawaye na bin gemunsa. Tun muna yara nake jiran dama irin wannan.

"Da yaz zo gabanki, Inna, ko ɗigo babu."

Ta yi murmushi, ta daki kafaɗarsa, ta ƙara masa tafi guda. "To, Lawali, ka girma. A ɗunka mishi hwarin yadi da Sallah."

Gida

Mun baro Bungudu kafin magariba, aka bar ragon wa mai jego. Lawali ya jingina sosai a kujera, ya karɓi gorona ya ɓare, ya cinye sauran tuwon sunan da aka ƙunso mana. Mun iso Damba lafiya, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Malam Isa da ya jure mu duka uku har da rago.

Da zan sauka ya ce mini ya riga ya shawo kan Inna, za a yi mata aikin ido a nan Gusau, inda ba teku. Na ce to sai ya mayar da kakin Sabon Gari da wuri, don ranar da ta buɗe ido ta ga wannan aika-aika, doka za ta dawo.

Ya dubi ƙirjinsa. "Ba za a wanke ba. In ta ce ƙazami na, sai in ce ta aza tahinta ta gwada."