Lambun Kawu Mutala a Alajo

Kawu Mutala yayan mahaifiyata ne. Bai yi boko ba, amma yaran unguwarmu ta Maamobi da yawa a wurinsa suka fara sanin cewa latas da albasa ba daga kasuwa suke tsirowa ba. Lambunsa na bakin rafin Alajo. Duk Alhamis da yamma, da yake makarantar allo na hutu, sai ya taso mu a gaba, mu ƙanana, kowa da gwangwaninsa na ban-ruwa.

Ba ya koyarwa da baki. Zai ba yaro iri a tafin hannu ya ce, "Je ka zaɓi wurinka." Mu kuwa saboda ƙyuyar ɗaukar ruwa, sai mu shuka daf da rafi. Yana kallo, sai ya ƙyale mu. Damina na sauka, rafi ya ɗan taso ya cinye fangalin wanda ya fi kusa. Na yi kuka a kan alayyahona. Ya ce, "Zuera, hawayen nan da kin zuba su a sama can, da yanzu kina cin miya." Shekara ta zagayo, ba sai da aka ce mini in hau tudu ba.

A daminar 1995 ruwan bai tsaya inda ya saba ba. Ya shafe lambun duka, ya bar yashi da leda. Ba yaro ko ɗaya a wurin ranar, amma iyaye suka tsorata, suka hana zuwa.

Kawu ya bi gida-gida yana roƙon a bar yara su dawo, ni ina biye da shi, lokacin na gama sakandare. Inna Fulera, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, tana da jikoki uku. Ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa, ta saurare shi har ƙarshe.

"Baba, ka san ruwa na tasowa, ka bar su su shuka a nan?"

"Haka suke koya, Fulera."

"To, su koya a gida. Kowa na faɗi, wata rana da yaro ruwan nan zai tafi."

Ya juyo ya dube ni, ko mai boko za ta samo magana. Na kau da kai, don ni ma na ga inda ruwan ya kai a jikin bangon gidajen bakin rafi.

Ya gyara lambun shi kaɗai, ya ci gaba da noma har ƙarfinsa ya ƙare. Yaran da suka taso bayanmu suna gaishe shi a hanya da ladabi, amma ba su san aikin me yake yi ba.